Awartaki Mai Riƙon Ƙafa

A ɗakin motsa jiki da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na filin wasanni, an yi wani mutum da aikinsa kawai ya riƙe ƙafafun mutane. Kada ka yi dariya, da wannan aikin ya yi aure, ya riƙe gida, ya aurar da manyan 'ya'yansa. Awartaki ake ce masa, don in ya damƙi abu sai dai in shi ya ga dama ya bari. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Ga yadda aikin yake. Ɗan tsere zai durƙusa a kan katifar roba, ya miƙe gangar jikinsa tun daga gwiwa har kai. Sai Awartaki ya durƙusa a bayansa, ya kama idon sawun nan biyu ya danne su a ƙasa. Daga nan ɗan tseren zai fara karkatowa gaba a hankali, jiki a sandare, ba lanƙwasa ƙugu, yana nufar katifa da goshinsa. Babu abin da ke hana shi kifawa sai tsokar bayan cinyarsa, wadda take miƙewa kuma take ɗauke da nauyinsa a lokaci guda. Sauka suke kiran wannan atisaye. Koci yakan ce tsokar da ta koyi ɗaukar nauyi tana cikin miƙewa ba ta tsinkewa a tsakiyar gudu, kuma tana ƙara tsawo da laushi. 'Yan tseren kuwa cewa suke yi wanda ya ƙirƙiro sauka ba shi da imani ko kaɗan.

Shi kansa Awartaki ɗan tsere ne a zamaninsa, ko kuma in ce ya kusa zama. A lokacin ba a san sauka ba. Yana cikin gudu wata rana ya ji ɗas a bayan cinyarsa kamar igiyar shanya ta tsinke, ya faɗi a kan layi yana kallon dunduniyar waɗanda ya saba bari a baya. Ƙafar ta warke da ɗingishi. Bai iya rabuwa da filin ba, sai ya dawo yana shara, yana jera shinge, yana ɗauko ruwa. Da sauka ta shigo aka nemi mai danne ƙafa, aka ga hannuwansa, magana ta ƙare.

Doka ɗaya ce a aikin, kuma a kanta ya gina mutuncinsa duka: mai riƙo ba ya saki sai mai sauka ya ce da bakinsa, "Saki." Dalilin a fili yake. Mai riƙo kansa a sunkuye yake, ya tattara nauyinsa a kan hannuwa, tafin ƙafa kawai yake gani. Bai san ko mutum ya kai ƙasa ba, ko kuwa yana rataye ne a tsakiya yana numfashi. Abin da ya sani shi ne duk yadda mai sauka ya kusanci katifa, haka dunduniyarsa ke ƙara turo tafin hannun mai riƙo sama. Masu koyo suna ajiye hannuwa a gaba don su tare kansu. Gwanaye kuwa baya suke mayar da su su harɗe, su ba mai riƙo amanar fuskarsu. Awartaki ya taɓa ganin wani mai riƙo ya ɗaga hannu ɗaya don ya amsa gaisuwa, aka tsince haƙoran gaba na mai saukar a kan katifa. Shi kam an ce zuma ta taɓa harbinsa a wuya yana riƙe da ƙafa, ya dai zage ta har kakanninta amma bai motsa yatsa ba.

A cikin gwanayen nan babu kamar wani dogon saurayi mai gudun zagayen fili da ake kira Gwanki. Idon sawunsa kauri gare shi, da ƙyar yatsun Awartaki ke zagaye shi. Saukarsa kuwa sai wanda ya gani. 'Yan ɗakin sukan ce kana iya fita ka sayo ruwan sanyi a bakin ƙofa, ka yi ciniki, ka dawo ka tarar bai kai rabi ba. Yana cikin wannan azaba ma bakinsa ba ya rufuwa.

"Kawu, ka gaji ne? Na ji hannunka yana rawa."

"Sauka dai, surutu ba ya ƙara tsoka."

"Sannu ba ta hana zuwa, Kawu."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ni ma ina da gida, ka sani."

Awartaki yana son yaron nan ƙwarai, ba ya kuma ɓoyewa. Gudun da shi bai samu ya yi ba, a ƙafafun Gwanki yake jinsa yana wucewa ta tafin hannunsa.

Wata safiya ce kamar kowace, fanka tana kaɗawa, rediyon mai gadi yana ta surutu a bakin ƙofa. Gwanki ya durƙusa a katifar lungu, ya harɗe hannuwa a baya, ya fara sauka. Ran nan bai yi tsokana ba. Awartaki ya sunkuya yana jin nauyin yana ƙaruwa kamar yadda ya saba, yana jiran kalmar. Ya jira. Ya lura dai cewa ƙarar ƙarafa ta ɗauke a ɗakin, wani ma ya kashe rediyon. Sai ya ji hannun koci a kafaɗarsa.

"Awartaki, sake shi."

"Bai ce ba."

"Sake shi, na ce."

"Yallaɓai, bai ce ba tukuna."

Waɗanda ke tsaye sun ce goshin Gwanki yana kan katifa tun ɗazu, ya sauka a hankali har ba wanda ya ji taɓawarsa, hannuwan kuma suna nan a harɗe. Likita ya ce zuciya ce, wani lahani da aka haife shi da shi wanda ba wanda ya sani. Ƙarti biyu ne suka ɓamɓare yatsun Awartaki ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya rantse, kuma bai taɓa janye rantsuwar ba, cewa har lokacin da suke ɓamɓarar dunduniyar tana turo hannunsa sama, turi irin na mai rai da ke rataye a tsakiyar hanya.

Yatsun ba su ƙara miƙewa ba. Kowane hannu ya tsaya a lanƙwashe, babban yatsa yana fuskantar sauran, da rami a tsakiya daidai kaurin idon sawun Gwanki. Likitan ya duba da kyau, ya ce jijiyoyin tafin hannu ne suka tattare, yana faruwa ga masu aikin damƙa shekara da shekaru. Ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya nuna masa yadda zai jiƙa hannun a ruwan ɗumi. Awartaki ya yi godiya, ya jiƙa hannun, amma ƙwallon a aljihu ya tsufa.

Matarsa da farko abin wasa ta mai da shi, don mace ce da ba ta bari baƙin ciki ya zauna mata a falo. Takan ce Allah Ya ba ta miji mai gurbin kofi biyu, sai ta saƙala masa tsintsiya a ɗaya, ludayi a ɗaya. Da ta ga ba ya dariya sai ta tsare shi, shi kuma ya faɗa mata abin da bai faɗa wa likita ba.

"Yana hannuna. Bai gama sauka ba."

"Wa?"

"Kin sani."

"Haba Baban Auta, mutumin da da idonka ka ga an binne shi?"

"Na gani. Amma da kunnena ban ji ya ce in saki ba."

Ta yi masa faɗa, ta yi lallashi, ta ce ya ji tsoron Allah. Abin da ya rufe mata baki wata rana ce da azahar, yana gyangyaɗi a kujera, hannuwan a kan gwiwa. Ta lallaɓa ta zura wuyan hannunta a cikin ramin nan don ta nuna wa kanta babu komai. Wurin da ɗumi, da danshi, irin na kujerar da wani ya tashi a kai yanzun nan. Ta zare hannunta ta shiga kicin ta wanke shi da sabulu. Tun ran nan ba ta ƙara saƙala masa komai ba.

Nauyin kuma ba a tsaye yake ba. A shekarar farko, in ji shi, kaɗan ne, kamar na wanda ya fara karkatowa. Yana tafiya yana ƙaruwa. Kafaɗun Awartaki suka rankwafo gaba, tafiyarsa ta koma ta mai danne wani abu da ba a gani. Da hantsi, lokacin da aka saba atisaye, jijiyoyin hannunsa sukan tashi ruɗu-ruɗu, gumi ya jiƙa masa riga yana zaune bai ɗaga ko tsinke ba. Hukumar filin ba ta sallame shi ba. Ta sayo wani ƙarfe mai maɗauri da ke danne ƙafa, shi kuma aka bar masa miƙa tawul da tura tsintsiya. In ya zauna a benci yakan bar fili a gabansa daidai tsawon mutum, duk wanda ya zo ratsawa sai ya ce masa a hankali, "Zagaya, ɗana." Sababbin zuwa sukan yi dariya, amma suna zagayawa. Katifar lungu kuwa tana nan, ba a hawanta, ba a kuma yar da ita.

Kada a ɗauka tsoro ne ya riƙe shi. Jira ne. Ya san sauka fiye da kowa, ya san ƙaruwar nauyi tana nufin mutum ya kusa kai ƙasa. Wata rana goshin zai taɓa katifa, yaron ya ce "Saki, Kawu," shi kuma ya buɗe hannu da mutuncinsa, ya zama bai taɓa yar da wanda ya ba shi amana ba. Wannan yake so ya kai kabarinsa da shi, ba shi da wani abin alfahari bayan shi.

To, yana da 'ya, autar gidan, kuma Auta kowa ke ce mata. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: tseren tsallake shinge take yi. Tun tana 'yar mitsitsiya, kafin hannuwan su lanƙwashe, uban yake riƙe mata ƙafa a kan dardumar falo tana sauka tana ƙyalƙyala dariya. Ta girma ta zama abin da ake nunawa da yatsa a filin. Sai ga shi a wata gasa, tana ɗaga ƙafa a kan shinge, ita ma ta ji ɗas ɗin nan da ubanta ya taɓa ji. Yana tsaye a bakin layi da tawul a wuya, ya gane tun kafin ta kai ƙasa, ya ji kamar tasa ce ta sake tsinkewa.

Zamani ya ci gaba, tsokar ta haɗe lafiya lau, likita ya ce ta koma atisaye. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Duk ran da aka ɗaure ta a ƙarfen nan, tana kaiwa rabi sai ta watso hannuwa gaba ta zube tana haki. Koci, wanda yanzu furfura ta cinye masa kai, ya kira ta gefe ya ce zaɓen tawaga ya matso, kuma ba zai sa ta a kan shinge ba sai ya ga cikakkiyar sauka da idonsa. Ba mugunta ba ce, in ji shi, tsokar da ba ta yarda ta miƙe a katifa ba a fili za ta sake tsinkewa, kuma tsinkewa ta biyu ba a cika dawowa daga ita ba.

Da yamma ta sami uban a tsakar gida, uwar tana tsinke ganye a gefe.

"Baba, kai nake so ka riƙe ni."

"Ga ƙarfe can an sayo, ya fi ni ƙarfi."

"Ƙarfe ba ya ji na, Baba. In na kai wurin nan sai in ji ba kowa a bayana. In hannunka ne wallahi zan kai ƙasa."

Ya dubi hannuwansa. "Auta, da mutum a ciki."

Uwar ta dangwarar da kwano. "Ka ji shi ko! Awartaki, wanda ke ƙasa kake tattali, 'yarka mai rai tana gabanka tana roƙonka? So kake ta ƙare da ɗingishi da tsintsiya kamar wani da na sani?"

Maganar ta yi zafi, ita ma ta san ta yi, amma ba ta janye ba. Auta ta ce, "Inna, bari," tana share ido da bayan hannu. Awartaki ya dubi ƙafafun 'yarsa. A ransa ya yi lissafin da ya ga kamar dabara ce: idon sawun yarinyar siriri ne, zai shige cikin ramin ba sai ya buɗe yatsu ba. Zai ɗora hannuwan a kai kawai ya danna da nauyin jikinsa. Ya riƙe wancan, ya tallafi wannan, kowa ya samu.

"Gobe da safe," ya ce. "Amma hannuwanki a gaba. Kin ji ni? A gaba."

Da hantsi ɗakin ya cika, don labari ya zagaya cewa tsohon zai koma aiki. Auta ta durƙusa a katifar da ke kusa da ta lungu, ban da ta lungun ita kaɗai ce babu kowa a kai. Awartaki ya durƙusa a bayanta da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zura idon sawunta a cikin ramukan biyu. Sun yi mata yawa, kamar yaro ya sa takalmin babansa. Fatarta ma da ƙyar yake ji, akwai wani abu mai ɗumi tsakaninsa da ita.

Koci ya ce, "Bismilla."

Ta fara karkatowa. A daidai lokacin ɗaya nauyin ya taso masa, irin wanda bai taɓa ji ba duk shekarun nan, har haƙoransa suka haɗu. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa a kan tafin ƙafar yarinyar. Ta kai rabi, wurin da take zubewa, ta tsaya tana rawa. Wata abokiyar tserenta ta ce, "Ci gaba, Auta, babanki ne a baya!" Sai ta wuce wurin. Daɗi ya kama ta, ta ji ta koma 'yar da ke kan dardumar falo wadda ba a taɓa bari ta faɗi ba. Shi da ba ya ɗaga kai in yana aiki, ran nan ya ɗaga, ya ga hannuwanta biyu sun zagayo baya sun harɗe.

Dunduniyarta ta fara zamewa sama ta cikin ramin. Kaɗan-kaɗan take zamewa, gumi yana taimaka mata. Ya danna da dukan ƙirjinsa, amma danni ba riƙo ba ne, shi ma ya sani. Saura ƙiris ƙafar ta kuɓuce, fuskar ta ci katifa, tsokar da ke miƙe iya miƙewarta ta fizge.

A nan ne ya ji numfashin. Ba nata ba ne, nata yana gabansa yana fita da sauri. Wannan daga hagu yake zuwa, ƙasa-ƙasa, dab da katifar lungu, numfashin namiji mai nauyi wanda hancinsa ya kusa taɓa roba. Ya san shi sarai. Ya ji an ja iska a hankali an riƙe, yadda mutum ke yi in zai yi magana. Yaron ya iso. Ƙiftawar ido kawai ake nema a wurinsa, ya ji kalmar da ya tsufa yana jira.

Bai jira ba. Yatsun suka buɗe da wata ƙara kamar ana karya kara, ya damƙe idon sawun 'yarsa ya manna su da ƙasa.

Tim! Ƙarar ta cika ɗakin, ƙarar babban mutum da ya kifa da fuska ba tare da ya tare ba. Ƙura ta tashi daga katifar lungu. Koci ya waiwaya, 'yan tseren suka waiwaya, mai gadi ya leƙo daga bakin ƙofa. Auta kuwa ba ta tsaya ba, ta ci gaba da sauka a hankali har goshinta ya taɓa katifa, ta ce, "Saki, Baba," muryarta tana rawa don murna.

Ya sake ta. Ta juyo zaune tana dariya tana haki, sai ta ga fuskokin mutane, ta ga inda duk suke kallo.

"Baba, wa ya faɗi?"

Awartaki yana durƙushe, hannuwansa a buɗe a kan cinya, sakayau, babu komai a cikinsu. Bai ji sauƙi ba. Baƙin ciki ya ji, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara aikin nan.

"Ni na sake shi," ya ce. "Ya kusa faɗa, ban tsaya ba."

Auta ta daɗe tana duban ubanta, dariyar ta gudu daga fuskarta. Ta kama hannuwan nan biyu ta juya su, ta ga yatsun suna miƙewa suna naɗewa. Sannan ta koma ta durƙusa a hankali, ta ba shi baya.

"Ban gama ba, Baba. Koci cewa ya yi sai na maimaita."

Ya matso, ya gyara durƙusonsa yadda katifar lungu za ta koma bayansa, ya kama ƙafafun. Hawaye suna gangaro masa har haɓa, ya karkata kai ya goge su da kafaɗa.

"Sauka," ya ce. "Ina riƙe da ke."